Ɗaga Ƙafar Mota da Kuɗi Kaɗan: Inci Biyu Sun Isa

Da zarar ruwan Agusta ya zauna, akwai maganar da ke yawaita a garejojin Zariya, tun daga na bakin Ƙofar Doka har na Tudun Wada da Sabon Gari: "Oga, so nake a ɗaga mini ita." Mai faɗin haka zai iya zama direban a-kori-kura da ke jigilar taki da masara tsakanin birni da ƙauyukan Soba da Giwa, ko manomin da ya tara ya sayi tsohuwar Hilux don zuwa fadamar Galma, ko malamin makarantar da cikin ƙaramar motarsa ke gurzar ƙasa kullum a bakin kwalbatin unguwarsu. Dukansu kuma sukan biyo da magana ta biyu, murya ƙasa-ƙasa: "Amma fa a yi mini na talaka."

Ni ba na ganin laifinsu. Wanda ya taɓa sauka daga kwalta ya kama hanyar ƙauye a tsakiyar damina, inda tarakta da manyan motoci suka haƙe gefe biyu suka bar tudu a tsakiya, ya san tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa ba ado ba ce. Dutse ɗaya ya isa ya fasa kaskon baƙin mai, inji ya buga kafin direba ya ankara. Kayan ɗaga mota na kamfani kuwa, irin su Old Man Emu na Ostareliya, da dala ake sayo su, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo baya, suka fi ƙarfin mai neman na cefane. Saboda haka za a ci gaba da ɗaga motoci a gindin dalbejiya, ko mun so ko mun ƙi. Abin da nake ja a kai shi ne: galibin motocin da ake kawowa a ɗaga ba tsawo suka rasa ba, zama suka yi. Waɗanda ke bukatar ƙarin tsawon da gaske kuma, duk abin da ya haura inci 2 cuta ce aka saya musu da kuɗi.

A tsuguna a leƙa ƙarƙashin kowace a-kori-kura da ke jiran layin lodi a tasha. Sifirin ɗin baya, wanda kamfani ya yi a lanƙwashe, ya miƙe sambal, wani ma ya fara karkatowa ta ɗaya fuskar. Robar da aka dasa a jikin shasi don ta tare aksul idan mota ta faɗa rami ta cinye, ko ta daɗe da faɗuwa, sai tabo mai sheƙi inda ƙarfe ke dukan ƙarfe. A wata motar za ka ga an cusa guntun katako tsakanin aksul da shasi, an ɗaure shi da robar tayar keke. Shokozoba ya jiƙe da mai, ƙura ta manne masa ta zama caɓi. Wannan motar ta yi ƙasa da yadda ta fito daga kamfani, kuma abin da take nema kawai shi ne a mayar da ita inda take tun asali.

Gane hakan ba ya bukatar kwamfuta, awon tela ya wadatar. A sauke kaya, a tsayar da motar a fili mai daidai, a auna daga tsakiyar wil zuwa leɓen jikin motar da ke saman taya, ƙafa huɗu duka. Daga tsakiyar wil ake farawa, ba daga ƙasa ba, don kada girman taya ko ƙarancin iska su rikita lissafi. Sai a nemi 'yar'uwarta mai lafiya a auna, a gwada. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa: inci biyun da mai mota ya zo saye, nasa ne da ma, lodi ya cinye.

Lodin kuwa kowa ya san shi. Hilux an yi ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba, har da direba da wanda ke gefensa. Buhun masara mai kilo 100 ke nan guda tara, in an matsa goma. Golf 3 da Jamusawa suka ƙera don magidanci da iyalinsa, wajen rabin tan ne iyakarta, amma a je ranar kasuwar Giwa ko Maƙarfi a ga abin da take fitowa da shi, but a buɗe an ɗaure da igiya. A nan ne yaudarar farko take. Ƙara wa mota sifirin ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Birkin nan dai shi ne, boris shi ne, shasi da tayoyi su ne. Da can idan kaya sun yi yawa motar da kanta take faɗa, ta zauna har yaron mota ya ce a rage. Yanzu an toshe mata baki, tana tsaye ƙyam da buhu goma sha biyar, sai an zo gangara a taka birki gaskiya ta fito.

Hanyoyin da kanikawanmu ke bi ba duka ne abin ƙi ba. Mafi araha shi ne fakin: roba mai kauri, wani lokaci yankakkiyar tayar babbar mota, ko ƙarfen da aka gyara a injin sassaƙa, a ɗora a kan sifirin mai murɗe. Siriri ba ya cutarwa. Sai dai a sani cewa a gaban Hilux ta 2005 zuwa yau, saboda yadda hannayen ƙafar suke, fakin inci 1 yana ɗaga motar kusan inci 2, don haka wanda ya ce a sa masa mai kauri ya wuce gona da iri bai sani ba. Kuma fakin ba ya ƙara wa ƙafa wurin motsi. Abin da aka samu a sama an rage shi ne a ƙasa, shi ya sa za ka ji motar na buga "kwas" duk lokacin da taya ta faɗa rami. Haka abin yake ga Hilux mai jan ƙafa huɗu ta tsakanin 1997 da 2005, wadda ake ɗaga gabanta da murɗa noti kawai, ba a sayi komai ba. Da yake kyauta ne, hannu ba ya son tsayawa.

Ƙarin falle ɗaya a sifirin ɗin baya shi ma ba laifi, muddin faɗinsa ɗaya da na motar, aka sa sabon senta-bol mai tsawon da ya dace, aka kuma canza yu-bol. Yu-bol ɗin da aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe, mayar da shi rowa ce marar riba. Motar za ta riƙa tsalle idan ba kaya, wannan kuwa mai ita ya saya.

Wanda nake roƙon a daina shi ne na wuta. A kwance sifirin, a kunna masa gas har ya yi ja, a lanƙwasa da guduma, a bari ya huce ko a watsa masa ruwa, a mayar. Ranar motar za ta fita gareji tana taƙama, mai ita ya yi ta sa albarka. Amma ƙarfen sifirin ba kamar rodin gini ba ne. A masana'anta an gasa shi an sanyaya bisa ma'aunin zafi na musamman, shi ne abin da ke sa ya lanƙwasa ya dawo sau dubbai bai gaji ba. Wutar gas tana warware wannan aikin: inda ya yi laushi zai sake kwanciya cikin 'yan makonni, inda ya yi tauri fiye da kima zai karye ba sallama. Maƙeranmu sun fi kowa sanin haka, domin tsohon sifirin suke nema su ƙera adda da gatari, kuma sun san kuskure kaɗan wajen wuta da ruwa shi ke raba addar da za ta shekara goma da wadda za ta ɓalle a saran farko. Bambancin shi ne adda in ta ɓalle asarar kuɗi ce. Babban fallen sifirin kuwa shi ke riƙe da aksul a mazauninsa. In ya karye ta gaba mota na gudu, aksul zai goce baya ta gefe ɗaya, motar ta zaɓi hanyarta, sitiyari na hannun direba amma ba ya da ta cewa. Walda a jikin sifirin hukuncinta ɗaya da wuta. Haka jera ƙarafa biyu ko uku tsakanin sifirin da aksul, da ƙara wa kunnen sifirin tsawo da guntayen ƙarfe. Duk gyaran gangar Auzinawa ne.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa mai mota ba, wataƙila don kada ciniki ya lalace. A motar da ke da aksul miƙaƙƙe guda ɗaya a baya, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne ƙullutun giyar da ke tsakiyarsa, kuma wannan ƙullutun a kan tayoyi yake zaune, ba a kan sifirin ba. Ko an ɗaga jikin motar har sai an sa tsani, shi yana nan inda yake, kuma shi ne zai fara kama tudun tsakiyar hanya. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da aka ƙara: daga mai inci 29 zuwa mai inci 31, inci 1 tak aka samu. Ribar ke nan. Kuɗinta kuwa, mota za ta ƙara shan mai, ta rage ƙarfin hawa, birki ya ƙara nisa, agogon gudu ya fara ƙarya, yana nuna 100 alhali ana kan 107. In tayar 'yar Kwatano ce, a duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Babbar taya da ta tsufa ta fi ƙarama sabuwa haɗari nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da tsawo ke karɓa a madadin abin da ya bayar. Duk wanda ya taɓa yi wa jaki lodi ya san dalilin da ya sa ake rataya mangala ta sauko gefe biyu, ba a tula kayan a gadon baya ba. Injiniyoyi lissafi suka mayar da wannan sanin: a ɗauki faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin motar. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka tana amfani da wannan ma'aunin tun 2001 wajen nuna wa masu saye motar da ta fi saurin kifewa. Ƙananan motoci sukan samu 1.3 zuwa 1.5. Mu ɗauki misalin a-kori-kura mai faɗin mita ɗaya da rabi, cibiyar nauyinta na santimita 70 daga ƙasa: ta samu 1.07. A ɗaga ta inci 4, a ƙara manyan tayoyi, cibiyar ta koma 80: ta faɗo 0.94. Ba a ɗora buhu ko ɗaya ba tukuna, balle mutum shida da za su hau saman buhunan.

A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux fil, wadda ba a taɓa ƙafarta ba, a gwajin da suke yi na kauce wa dabbar da ta faɗo hanya kwatsam. A gudun kilomita 60 kacal tayoyinta biyu suka bar ƙasa, saura ƙiris ta kife. A kan kwalta mai kyau ke nan, da ƙwararren direba da ya san abin da ke tafe. Mu a nan abin kaucewa ba ya ƙarewa: saniya, ɗan acaɓa, ramin da ruwa ya rufe a hanyar Pambeguwa. Motar da aka ɗaga don ta tsira daga laka na kilomita biyar, sai ta yi hamsin a kan kwalta da gudu kafin ta isa lakar.

Ƙananan abubuwan da ke biyo baya su ne ke cinye kuɗin da aka ce an yi tsiminsa. Shaf ɗin gaba an yi shi ya yi aiki kusan a miƙe. In aka ɗaga mota da yawa sai ya karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga, a fara jin ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin yana aiki a ƙarshen iyakarsa. Tayoyin gaba suna cin gefe ɗaya in ba a je an saita su ba. Tiyon birki, wanda aka yanka daidai tsawon asali, yana miƙewa kamar zai tsinke duk lokacin da ƙafa ta sauka rami. Sannan a tsofaffin Hilux akwai wani ɗan bawul a baya mai sanda da ke haɗe da aksul, aikinsa ya gane nauyin kaya daga yadda motar ta zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In an ɗaga baya ba a ɗaga mariƙin sandar daidai da haka ba, bawul ɗin zai riƙa ɗaukar motar a matsayin fanko ko da ta cika maƙil. Gyaransa aikin minti kaɗan ne a wurin mai walda, amma sai wanda ya san yana wurin.

Ba ni na ƙirƙiro inci 2 ba. Ostareliya ƙasa ce ta hamada da hanyoyin daji, inda ɗaga mota sana'a ce babba, amma a yawancin jihohinta milimita 50 ne abin da mutum zai ƙara wa ƙafar motarsa ba tare da takardar injiniya ba. Milimita 50 kuwa kusan inci 2 ne. Sun tsaya a nan ne don a cikin wannan iyakar sauran sassan motar suna iya jurewa ba sai an canza su ba.

Abin takaici, mun taɓa samun motar da ba ta bukatar wannan duka, kuma a nan kusa ake haɗa ta. Kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, shekarar da 504 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka. Dattawan direbobin tashar Zariya har yau suna ba da labarinta. Sirrinta ba tsawo kawai ba ne, ƙafarta tana da wurin motsi mai yawa, taya na bin rami ta fito jikin motar bai girgiza ba, kuma an auna komai tare tun a takarda. Ko a Faransa da aka so mayar da ita mai jan ƙafa huɗu, kamfani guda, Dangel, aka bar wa aikin. Yau motocin da aka yi wa titunan Jamus da Beljiyam muke saye bayan sun tsufa, mu kai wa bakanike mu ce ya mayar da su na hanyar Ikara da kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba.

Mazauna cikin ganuwa suna da ƙarin dalilin damuwa. Lungunan Kwarbai da Limancin Kona da Unguwar Juma ba don mota aka fitar da su ba. Ƙafa da doki da jaki aka yi wa su. Ƙofar zaure a bakin hanya take, yaro in ya fito da gudu babu wata tazara tsakaninsa da taya. Da yamma in an taso daga makarantar allo, lungu cika yake da yaran da kansu bai kai tsayin bonet ɗin Hilux ta asali ba, balle wadda aka ƙara wa inci huɗu. Kowane inci da aka ɗaga yana ƙara faɗin wurin da direba ba ya gani a gabansa. A 2023 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta gano cewa motocin da gabansu ya haura inci 40 sun fi kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin ɗari, idan aka gwada da masu inci 30 ko ƙasa da haka masu gaba a kwance. Doguwar mota ƙirji da kai take duka, ta tura mutum ƙarƙashinta. Da dare kuma fitilarta, da yake ba wanda ke tunawa ya sunkuyar da ita bayan an ɗaga, cikin idon ɗan acaɓa da mai Keke Napep take sauka. A nan dole in ware manomi da direban haya daga wani rukunin: masu jif ɗin da ba ta taɓa ganin laka ba, an ɗaga ta ne don a gan ta a wurin ɗaurin aure. Su ba su da uzurin hanya, kuma su ne suka fi kowa kutsawa lungu.

Na san amsar direba, kuma tana da nauyi. Zai ce, "Malam, in na ɗauki buhu goma, kuɗin mai da na yuniyon da na kan hanya za su cinye, me zan kai gida?" Gaskiya ne, kuma ba bakanike ne zai warware wannan ba. Amma shi ma ya yi lissafin shekara, ba na sawu ɗaya ba: sifirin nawa ya canza, boris nawa, taya nawa ta fashe, kwana nawa motar ta yi a gareji ba ta shigo da ko kwabo ba. Su ma kanikawan ba jahilci ke sa su ba. Da yawansu sun san wuta na kashe sifirin, amma in ya ce, "Alhaji, wannan sai sabo," Alhaji zai ja motarsa zuwa garejin gaba inda za a yi masa abin da yake so.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a Zariya ake wannan lalube. Garin da ke da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, tun 1986, ga sashen injiniyan inji na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Motocin da ke wannan aikin ba su wuce iri goma ba. Ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya auna su, su fitar da takarda shafi ɗaya da Hausa: tsayin kowace daga kamfani, nauyin da take ɗauka da lissafin buhu, iyakar abin da za a ƙara mata, da abubuwan da dole a duba bayan an ƙara. A miƙa wa ƙungiyar kanikawa ta NATA ta manna a kowane gareji. Bakanike zai samu abin nuna wa Alhaji, jami'an hanya na KASTLEA su ma su samu dalilin tsugunawa su leƙa ƙarƙashin mota bayan sun gama duba takardu.

Kai kuma mai mota, kafin ka ce a ɗaga, ka auna. In ta zauna, kuɗinka na farko na sifirin mai lafiya ne da shokozoba da robobi, ko na hannu ne daga kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa, in dai ba a taɓa sa musu wuta ba. In da saura, taya mai kyau da faranti mai kauri a ƙarƙashin inji. Sai bayan haka, in har yanzu tana taɓa ƙasa, a ƙara inci ɗaya ko biyu, a saita tayoyi, a duba tiyon birki, a sunkuyar da fitila. In kuɗin bai kai nan ba, ka bar ta yadda take, ka sauke buhu uku.